Amsoshin da Ta Goge

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Laraba, mu uku ne a ɗakin da nake ɗinki a gidanmu na Ƙofar Marke: ni, da mahaifiyata wadda ta zo daga Ƙofar Rini ta kwana biyu wurinmu, da malamar lissafi ta makarantar su babbar ɗiyata. Na san lokacin sarai, domin agogon bango yana saman keken ɗinki, kuma ƙarfe huɗu da rabi nake duba aikin gida na yara kullum. Da malamar ta yi sallama, abin da ya fara zo mini a rai shi ne za ta ɓata mini tsari.

Ban taɓa ganin ta ba kafin ranar. Matashiya ce siririya, takalminta duk laka saboda ruwan da aka yi da azahar. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta zaro takarda daga jaka.

Ta yi mini bayani, ni kuma zan maimaita shi yadda ta jera. 'Yan matan da suka shiga aji huɗu na sakandare ana yi musu jarrabawar lissafi a makon farko. Wadda ta sami maki ashirin da biyar cikin arba'in ta shiga ajin kimiyya. Wadda ba ta kai ba ta shiga ajin adabi. Ɗiyata ta sami goma sha bakwai.

Na san abin da wannan yake nufi. Tun tana shekara tara, lokacin da aka yi wa mahaifiyata aikin ido ta kwana uku da bandeji, yarinyar nan take cewa likitar ido za ta zama. Ita ce ke ɗiga wa kakarta magani safe da yamma, ba ta taɓa tsallake lokaci ba. Kuma ko ni da na tsaya a aji uku na san ba a zama likita ta ajin adabi.

Malamar ta miƙe ta ce, "Maman yara, ku taso mu zo bakin ƙohwa, inda haske."

Na tashi. Ta ɗaga takardar sama, rana ta ratsa ta. Tambaya arba'in ce, kowace da gida huɗu, a cike ɗaya da fensir. Ta sa yatsa tana nuna mini. A gefen gidajen da aka cike, akwai wasu da takarda ta yi laushi, ta yi dishi-dishi, alamar an cike su an goge.

"Sha huɗu ta goge," in ji ta. "Cikin sha huɗun nan, sha ɗaya daidai ta rubuta da hwari. Ta goge daidai ta sa kure."

Kafin ta faɗi jimlar na riga na haɗa a kaina. Ashirin da takwas. Da ta bar hannunta a inda ya fara sauka, da ta wuce da rarar uku.

Mahaifiyata, wadda nake kira Inna, yara kuma suna kiran ta Kaka, ta ce daga inda take zaune, "To ba sai a ba ta abinta ba? Ai ga shi nan kin gani da idonki."

Malamar ta yi murmushi ta ce ba a ba da maki a kan abin da aka goge. Amma ta roƙi shugabar makaranta, an yarda yarinyar ta sake zama ranar Litinin tare da waɗanda ba su da lafiya ranar jarrabawa. Daga wannan babu wata dama. Sai ta juyo ta dube ni.

"A aji ba ta ɗaga hannu. In na tsare ta sai ta hwaɗi amsa can ƙasa-ƙasa, in nic ce ta maimaita sai ta ce ta manta. Wa ka duba mata aiki a gida?"

Na ce, "Ni."

Na faɗa da ƙarfin gwiwa, domin a unguwarmu ba na jin akwai uwar da ta kai ni tsayawa a kan karatun yara. Na bayyana mata yadda nake yi. Duk littafin lissafi da aka saya, ranar da ya shigo gida nake yanke shafukan amsa na baya da almakashi, in adana su a durowar keke, don kada a kwafa. Ƙarfe huɗu da rabi yarinya ta kawo aikinta ta ɗora a kan teburin keke ta tsaya. In zaro shafin amsa in gwada ɗaya bayan ɗaya. Inda na ga kure sai in ƙwanƙwasa wurin da gindin almakashi sau biyu, ta ɗauka ta je ta sake.

"In kuma daidai na?" in ji malamar.

"Sai in tura mata littahinta."

"Ba ku cewa komi?"

Inna ce ta amsa mata, har da 'yar dariya. "Malama, ɗiyar hwari ta. Mi za ta ce mata?"

Malamar 'yar gari ce, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabon shi. Ni ban taɓa kiran yarinyar nan da sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in ina ba da labarinta in ce "babbar". Mahaifinta ma haka, ga shi kuma tun asuba yana kasuwar hatsi sai magariba. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, haka muka taras, kuma ni mace ce mai riƙe abin da ta taras.

Malamar ta ninke takardar. Ta ba ni wasu takardu huɗu, kowace da tambaya goma da amsoshinsu daban, na kwana huɗun da suka rage. Tana sa takalmi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Don Allah in ta yi daidai ku riƙa hwaɗa mata. Ko kalma guda."

Ƙarfe biyar saura kwata ta tafi. Ranar ban duba aikin kowa ba.

Ashe yarinyar tana madafa tun shigowar malamar, ta ƙi fitowa. Inna ta ɗauki faifan shinkafar da take tsincewa ta koma gindin dogon yaron tsakar gida, ta ƙwala mata kira. Tagar ɗakin ɗinki tana kallon wurin. Na zauna a keke na ci gaba da taka shi a hankali, babu ƙyalle a ƙarƙashin allura, don kada su san ina saurare.

"Zo nan, likitata," in ji Inna. "Hannunki ka ƙaiƙayi, kike ta goge-goge awa mai wankin tukunya?"

"Kaka, ke ina ruwanki da lissahi? Ko sihili ba ki iya rubutawa."

"Ni? Jikoki sha bakwai gare ni, ban taɓa ɓata ƙirga ba. Ke ce dai ta banzar cikinsu. Hwaɗa min, mi ya sa kinka goge?"

Ina jin ƙarar tsakuwa tana faɗawa cikin kwano.

"In na cika amsa sai in tsaya in saurara. Sai in ji shiru. Sai in ce to ba ita ta ba."

"Wane irin shiru? Dama kalangu aka kaɗawa ɗakin jarrabawa?"

"Irin shirun Mama."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na tilasta mata ta ci gaba.

Inna ta ce, "Ke da kin san halin uwarki. In kure na, almakashi ka magana. In ta yi shiru ai kin ci ke nan."

"Da haka nike zato. Amma in ƙanwata ta kawo nata, Mama na cewa madalla, har ta shahwa kanta. Ni ba ta taɓa ba. Sai nic ce ƙila nawa bai kai madalla ba, ta gaji da gyara na dai ta ƙyale ni. Kuma ai ta hwaɗa da bakinta, ranar mai atamhwar tsuntsaye."

Na daɗe ina laluben wannan rana kafin na same ta, domin ni ban ajiye ta a ko'ina ba. Yarinyar tana shekara goma, ana saura mako biyu ƙaramar salla. Wata mata ta kawo turmin atamfa ɗaya, yadi shida, tana son dogayen riguna uku na 'ya'yanta. Atamfar tana da zanen tsuntsaye, duk kawunansu suna kallon gefe ɗaya. Na auna yaran, na shimfiɗa atamfar, na ɗauki alli na ce zai isa. Yarinyar nan tana bakin ƙofa tana warware zare, sai ta ce, "Bai isa. In tsuntsayen za su dubi sama duka, sai an ƙara rabin yadi. In ba haka ba hannun ƙaramar tsuntsunshi ƙasa zai duba." Na sake aunawa. Haka ne, rabin yadi cif. Matar ta tafa hannu ta ce tubarkalla, wannan ɗiya akwai kai. Ni kuma na faɗi abin da kowace uwa take faɗa in an yabi ɗan fari a gabanta. Na ce, "Wagga? Ba ta san komi ba, dace ta yi. Kanta bai ɗaukar lissahi, irina ta."

Matar ta san ba haka nake nufi ba. Ni ma na sani. A ɗakin nan mutum ɗaya ce ba ta san cewa maganar baki ce kawai ba, kuma ita ce ta riƙe ta shekara biyar.

Bayan magariba na sami Inna a ɗaki tana jan carbi. Na ce, "Inna, kin ji abin da tac ce?"

"Na ji. 'Yan yau ke nan, komi sai an tauna musu. Ke ma ai ɗiyar hwari ta. Na taɓa yabon ki? Kin lalace?"

"Na bar makaranta aji uku."

"Ke kinka ce kanki bai ɗauka."

"Wa ya taɓa ce min yana ɗauka?"

Ban taɓa mayar mata da magana irin haka ba. Ta dube ni da idon nan da aka gyara, ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce yabo a gaban yaro yana jawo baki, kuma yana kumbura kai. Na ce to. Na fita.

Ni in abu ya dame ni sai na rubuta shi a jere nake samun numfashi. Na buɗe bayan littafin da nake rubuta awon mutane na rubuta kwanaki huɗu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. A gaban Alhamis na rubuta, "A faɗa mata." Na ɗauka rana ɗaya ta isa wannan aikin, sauran ukun na bita ne.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi ta kawo takardar farko ta ɗora a kan keke ta tsaya, hannu a baya. Na gwada. Takwas daidai, biyu kure. Na ƙwanƙwasa biyun. Saura in faɗi kalma biyu a kan takwas ɗin. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana shan fura. Na buɗe baki. Abin da na ji ba zan iya kwatanta shi da komai ba sai a ce mini in fita titi ba mayafi. Na yi tari, na gyara zaren da bai karkace ba, na tura mata takardar. Ta ɗauka ta fita. Ta taga na hango ta a kan tabarma. Ta gyara biyun da na ƙwanƙwasa, ta tsaya tana kallon sauran, sai ta ɗauki kilina ta goge ta uku. Ta uku daidai take. Ina gani, ban ce komai ba.

Ranar Juma'a na nemi hanyar da ba sai na buɗe baki ba. Bayan na duba, tara daidai, na kira ƙaramar, wadda take aji shida na firamare kuma bakinta ba ya rufuwa, na ce ta je ta gaya wa yayarta aikinta ya yi kyau. Ta ruga da gudu.

"Yaya, Mama tac ce aikinki ya yi kyau."

"Mama tac ce, ko ke kinka ƙirƙiro?"

"Wallahi ita tac ce."

"To mi ya hana ta hwaɗa min?"

"Kunyar ki take ji, sai ka ce ke ta surukarta."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Babbar ba ta yi ba.

Ranar Asabar na buɗe durowar keke na kwaso shafukan amsa duka, na shekara shida, ɗaure da ƙyallen atamfa, na haɗa da amsoshin malamar na ranar na miƙa mata. Na ce ta duba da kanta. Na yi tunanin in ba ta yarda da ni ba ai za ta yarda da bugun inji. Ta zauna ta gwada, tara cikin goma. Na tambaye ta nawa ta samu, ta faɗa. Na ce to me ta gani. Ta ce, "Masu sauƙi na. Malama ta zaɓo min su don tausai."

Da safiyar Lahadi Inna ta koma Ƙofar Rini. Ba zan ɗora mata laifi ba, amma gaskiya da ta tafi na ji ɗakin ya ƙara faɗi. Ƙarfe huɗu da rabi yarinyar ta kawo takarda ta ƙarshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Goma cikin goma. Ban iya duban ta ba. Allurar keke na kalla na ce, "Daidai na."

"Na'am, Mama?"

"Nic ce daidai na. Duka goman."

Ta yi tsaye. Ina ganin ƙafafunta kawai, babban yatsa yana murza siminti. Na ɗauka za ta yi murmushi, ko ta yi kuka, ɗaya cikin biyu, kuma na shirya wa kowanne. Sai ta ce a hankali, "Malama tac ce ki hwaɗa?"

Da na iya ƙarya da na yi ta a wurin. Ban iya ba, ban kuma koya wa 'ya'yana ba. Na ce, "Ta ce. Amma daidai ɗin na."

Ta ce, "To." Ta ɗauki takardarta ta fita.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na baya, kuma wannan ba al'ada ce ta sa ni ba, wayona ne. Na zauna na jera abin a kaina. Yarinya tana sanin amsa. Tana rubuta ta daidai da farko. Abin da ke kayar da ita gogewa ce. Magana ba ta yi aiki ba, lokaci kuma ya ƙure. To in babu abin gogewa ai babu gogewa. Da na kai ƙarshen wannan jeri har na ji daɗi, kamar na gama yanka riga ba ragowar ƙyalle.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai saura minti goma, ta sa kayan makaranta, na ce ta kawo jakarta. Na zazzage a kan teburin keke. Na ɗauke kilina na jefa a durowa. Fensiranta biyu suna da 'yar roba a gindi, na sa reza na yanke su. Na ce, "Abin da kinka rubuta da hwari, shi na. Ba gogewa, ba aron ta wata. Kin ji?"

Ta dubi fensiran a tafin hannunta. Ta ce, "Mama, in na yi kure hwa?"

"Ba ki yi."

Ni a zuciyata wannan yabo ne, mafi girman da na taɓa yi mata. Yanzu na san a kunnenta doka ce aka kafa. Na raka ta har bakin titi, abin da ban saba ba, na tsaya sai da ta shiga keke mai ƙafa uku da ke bi ta Ƙofar Taramniya. Ba ta waiwayo ba.

Da ta dawo na tambaye ta yaya. Ta ce lafiya. Ban ƙara ba.

Ranar Laraba, mako ɗaya cif, malamar ta sake zuwa. Wannan karon ba ta ce mu je wurin haske ba, domin babu abin da za a haska. Takardar fes take, ko ɗigon gogewa babu. Tambaya ashirin da bakwai ta cike, ashirin da uku daidai. Sauran goma sha uku ba ta taɓa su ba, gidajensu fari fat. Ashirin da uku. Saura biyu.

Sai ta zaro wata takarda, irin wadda ake ba su su yi gwaji a gefe. Cike take gaba da baya da ƙananan rubutu. Duk goma sha ukun nan ta yi aikinsu a can, tara ta kai ga amsa daidai, wasu ma sau biyu ta yi su ta hanya daban-daban, amsa ɗaya tana fitowa. Amma ba ta ɗauko ko ɗaya ta cike a gidanta ba.

"Na ga ba ta da kilina, na miƙa mata tawa," in ji malamar. "Ta girgiza kai."

Na gaya mata abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta kai takardar gwajin wurin shugabar makaranta, shugabar ta ce an riga an ba yarinyar dama ta biyu, akwai kuma iyayen wasu da 'ya'yansu suka rasa da maki ɗaya suna jira su ga an karya ƙa'ida. Ban ga laifinta ba. Da ni ce a kujerar haka zan yi.

Bayan ta tafi na kira yarinyar. Na tambaye ta don me ta bar su.

Ta ce, "Kin ce ba gogewa. In na cika ba ni iya gyarawa. Sai nic ce bari sai na tabbata. Ina cikin tabbatarwa anka ce a aje hensir."

Babu tsiwa a muryarta, babu kuka. Bayani ta yi mini, a jere, irin yadda nake so a yi mini bayani.

Yanzu tana shekara ta biyu a ajin adabi. Tana ƙoƙari, malamanta ba su da kuka da ita. Ba na cewa ajin adabi ƙasƙanci ne, akwai 'yan matan da shi suke so kuma su suka zaɓa. Ita ba ita ta zaɓa ba. Ta daina maganar ido. In Inna ta zo ta ce, "Ina likitata?" sai ta ce, "Kaka, ki nemi wata, wannan ta yi ritaya." Su yi dariya su biyu. Ni in fita in duba tukunya.

Ranar Asabar tana taya ni yanka. Tun da ta fara riƙe almakashi ba ta taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Kallo ɗaya take yi wa atamfa ta san inda hannu zai fito, inda wuya zai fito. Duk lokacin da ta yanka nakan ce daidai ne. Yanzu bakina ya saba, ko gaban Inna ina faɗa, ko gaban masu kawo ɗinki. Takan ce to. Wani lokaci ta ɗago ta dube ni, kamar tana neman wanda ya aiko ni.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru watan jiya. Ƙaramar ta shiga sakandare, lissafinta ya fara fin ƙarfina ko da shafin amsa, sai na ce yayarta ta riƙa duba mata. Ƙarfe huɗu da rabi, ina kan keke, su suna kan tabarma a bayana. Na ji ƙwas-ƙwas sau biyu, gindin fensir a kan littafi. Na juya. Ƙaramar ta gyara ta dawo da shi. Babbar ta bi layin da yatsa har ƙasa, ta rufe littafin, ta tura mata. Ba ta ce komai ba. Ƙaramar, mai bakin nan da ba ya rufuwa, ta tsaya riƙe da littafi tana kallon fuskar yayarta, tana jira. Sai na ga hannunta ya fara laluben kilina.

Na ce, "Ke."

"Na'am, Mama."

"Daidai na ko ba daidai ba?"

"Daidai na."

"To hwaɗa mata."

Ta juya ta dubi ƙanwarta, ta ce, "Daidai na." Ta faɗa kamar mai karanta allon sanarwa. Babu kunyar ɗan fari tsakanin ya da ƙanwa, babu al'adar da ta hana ta. A wurina ta koya. Ita a saninta haka ake duba lissafi.

Ban bar kunya ba. Har yau ban kama sunanta ba, kuma ba na jin zan kama. Ba na ce wa kowa ya zubar da abin da ya taras a gidansu. Abu ɗaya nake roƙo, wurin ke ko kai da ke karanta wannan, in akwai yarinya a gidanku da ke kawo littafin lissafi a duba mata, ta fari ce ko ba ta fari ba. Yau, ba ranar da jarrabawa ta matso ba, in kun duba kun ga ta yi daidai, kada ku tura mata littafin ku yi shiru. Ku riƙe shi a hannu, ku dube ta, ku ce mata daidai ne, da bakinku, tun kafin wani ya zo ya ce ku faɗa. Kuma ku bar mata kilinarta.